Tsohon Agogon Aljihu: Yadda Ake Karanta Gidansa, Fuskarsa da Injinsa

Abu na farko da mutum ke dubawa idan aka miƙa masa tsohon agogon aljihu shi ne sunan da ke rubuce a fuskarsa, alhali a duk jikin agogon babu shaida mai rauni kamar wannan suna. Sau da yawa sunan mai kanti ne wanda ya sayar, wanda ya ƙera kuwa yana can wani gari, ko ma wata ƙasa. Wani lokaci fuskar kanta ta aro ce, an sa ta ne bayan ta farko ta fashe. A ƙarni na 18 an yi ta ƙera agogo masu araha a nahiyar Turai ana rubuta musu "London" tare da sunayen maƙera, wasu sunayen ma na ƙage, don kawai kasuwa ta fi ɗaukar aikin Landan da daraja.

Tushen wannan rikici shi ne agogon aljihu bai cika zama aikin hannu ɗaya ba. Sassa uku ake haɗawa: gida, wato kwanson ƙarfen da ya kewaye shi, fuska, inda lambobi da hannaye suke, sai inji, wanda shi ne agogon na haƙiƙa. A Ingila ta ƙarni na 18 da na 19 ana ƙera ɗanyen inji a Prescot cikin yankin Lancashire, a aika da shi Landan ko Coventry ko Liverpool a ƙarasa, wani maƙeri ya yi gida, wani ya gasa fuska, wani ya yi zane, sannan mai kanti ya sa sunansa. A Amurka kuwa, har zuwa wajen shekarun 1920, mai saye kan shiga kanti ya zaɓi inji daban, ya zaɓi gida daban daidai ƙarfinsa, a haɗa masa nan take. Shi ya sa za ka ga inji na ƙwarai cikin gidan farin ƙarfe mai araha, domin na ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ka kuma ga gidan zinariya ɗauke da inji na kawai, domin na mai son a gani ne. Tarin sunayen da masu tara agogo ke ambata, amfaninsu ke nan: a yi wa kowane sashe tambayarsa daban, sannan a ga ko amsoshin sun yarda da juna.

Ƙananan agogo da ake ɗauka a jiki sun fara bayyana a kudancin Jamus a farkon shekarun 1500, kuma sunan da aka fi ambata shi ne Peter Henlein na Nuremberg. Waɗancan a wuya aka fi rataya su, hannu ɗaya gare su na awa, kuskurensu kuma ya yi yawan da ba a ga amfanin sa musu hannun minti ba. A 1666 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya shigo da yayin falmaran, agogo ya sami aljihun zama, maƙera suka shiga rage masa kauri suna shafe masa kusurwa. A 1675 kuma Christiaan Huygens na Holan ya fito da siririn sifirin nan da ke daidaita bugun agogo, ko da yake Robert Hooke na Ingila ya yi ta jayayya cewa shi ya riga shi. Daga nan kuskure ya sauko zuwa 'yan mintoci a yini, hannun minti ya sami gurbi.

Gida iri biyu ne manya. Akwai buɗaɗɗe, wanda gilashi kawai ya rufe fuskarsa. Akwai mai murfi, wanda sai an danna kan da ake wana shi murfin ƙarfe ya tashi. Mutanen Ingila suna ce masa agogon mafarauci, Faransawa kuma suna ce masa savonnette. Tsakaninsu akwai mai rabin murfi, wanda aka huda wa 'yar taga a tsakiyar murfin aka zana lambobi kewaye da ita, don a karanta lokaci ba sai an buɗe ba. Irin wannan sau da yawa gajeren hannunsa kai biyu gare shi, domin a gane shi ta cikin tagar.

Bambancin ya shiga har cikin inji, kuma nan ne mai bincike ke samun darasinsa na farko. A buɗaɗɗen agogo kan da ake wana shi yana saman lamba 12, 'yar da'irar daƙiƙa tana ƙasa a kan 6, duk a layi ɗaya. Wannan tsari ake kira Lépine, da sunan Jean-Antoine Lépine, maƙerin birnin Faris na ƙarni na 18. A mai murfi kuwa kan yana wajen lamba 3. To idan ka ga agogo buɗaɗɗe amma kansa na wajen 3, ka san an ƙera injin ne don gida mai murfi. Mai yiwuwa haka mai shi na farko ya zaɓa, mai yiwuwa kuma an narkar da gidansa na asali an ba shi wani.

Sauran sassan gida sunansu na bin aikinsu. Wuya shi ne ɗan bututun da ya fito daga jiki, kai na bisa wuya, zobe kuma ya kewaye kai, nan ake maƙala sarƙa. Sarƙar nan mai ɗan sanda da ake zurawa cikin ramin maɓallin falmaran ana kiranta Albert, da sunan mijin Sarauniya Victoria. A baya akwai murfin waje, a ƙarƙashinsa kuma murfi na biyu na tare ƙura, wanda Faransawa ke kira cuvette. Idan akwai rami ɗaya ko biyu a wannan murfi, agogon na makulli ne. Wana agogo da kai, ba tare da makulli ba, ya bazu ne bayan aikin Adrien Philippe a farkon shekarun 1840, mutumin da sunansa ya shiga cikin sunan kamfanin agogo na Patek Philippe daga baya. Amma Ingila ta ci gaba da yin na makulli har kusan ƙarshen ƙarnin, saboda haka ramin makulli shi kaɗai bai isa hujjar tsufa ƙwarai ba. Wata 'yar nasiha ga mai riƙe da agogo mai murfi: idan za ka rufe, danna kan tukuna, ka kwantar da murfin, sannan ka saki. Maƙamar ta baƙin ƙarfe ce, leɓen murfin kuwa zinariya ko azurfa, kuma rufe shi da ƙarar "ƙas" cin leɓen yake yi har wata rana ya daina kamawa.

Kafin duk waɗannan akwai mai gida biyu, salon da ya mamaye Ingila tun ƙarni na 17 har cikin na 19. Inji na cikin gida na farko, shi kuma a saka shi ɗungurungum cikin na biyu wanda ake iya cirewa. A gindin gidan waje masu gyara kan ajiye 'yar takarda zagayayya mai ɗauke da sunansu da garinsu, a bayanta su rubuta ranar gyara da hannu. Akan sami agogo da irin waɗannan takardu da yawa, ɗaya bisa ɗaya, kuma a ganina babu wani ado a jikin agogo da ya kai su daraja, domin su ke faɗin garuruwan da ya zauna da shekarun da ya yi yana aiki. Wanda ya zubar da su da sunan tsabta ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Masu sayen da suka fi kowa son yawan gida su ne na Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Maƙeran Landan irin su George Prior da Edward Prior da gidan Markwick Markham sun shafe shekaru suna ƙera wa kasuwar Istanbul agogo mai gida uku, wani lokaci ma huɗu: na ciki na azurfa, na waje an lulluɓe shi da ɓawon kunkurun teku an ƙawata shi da ƙananan ƙusoshin azurfa, a fuska kuma lambobin salon Turkawa da aka samo daga alƙaluman Larabci. A lissafin Turkawa na da, yini na farawa ne da faɗuwar rana, wato da magariba agogo ke nuna 12, kuma tun da lokacin magariba na matsawa, dole a riƙa sake saiti akai-akai. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai ga agogo mai da'ira biyu, ɗaya ta lissafin magariba, ɗaya ta lissafin Turai. Ƙasar Sin ita ma ta sami nata salo. Gidan Bovet na garin Fleurier a Suwizalan, wanda aka kafa a 1822 don cinikin Canton, ya riƙa sayar da agogo bibbiyu, hoton ɗaya na fuskantar na ɗayan, injin kuma an zane shi kaf an rufe da gilashi don a gani.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a jikin gida ita ce hatimi. A Ingila doka ta tilasta a kai kayan zinariya da azurfa ofishin gwaji kafin a sayar, a buga musu ƙananan tambura, waɗanda a agogo za ka same su cikin murfi. Zaki mai tafiya na nufin azurfa mai kashi 925 cikin 1000. Kan damisa na nufin a Landan aka gwada, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa Birmingham, dammunan alkama uku da takobi kuma Chester. Sai harafi guda na shekarar gwaji, wanda salon rubutunsa da siffar garkuwar da ta kewaye shi ke sauyawa duk lokacin da aka ƙare zagaye, sannan haruffan farko na sunan wanda ya kai kayan gwaji. Mai jadawalin haruffan a hannu zai iya faɗin shekarar gida da kuskuren da bai wuce 'yan watanni ba. Suwizalan ta yi tata doka a 1880: kan wata mace mai suna Helvetia ga zinariya karat 18, kurege ga karat 14, dabbar beyar ga azurfa 875, wani tsuntsun daji ga azurfa 800. Jamus kuma tun 1888 tana buga jinjirin wata da kambin sarauta a kan azurfa. Wasu kan ga jinjirin watan su ɗauka kayan ƙasar Musulmi ne, alhali tambarin Jamus ne kawai. Inda aka rubuta adadi, 750 shi ne karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne gidan Amurka mai launin zinariya. A 1859 James Boss na Philadelphia ya yi rajistar wata dabara: a sa farantin tagulla tsakanin siraran faranti biyu na zinariya, a haɗe su da zafi, a murje su su zama ɗaya. Irin wannan gida akan rubuta masa garanti na shekara 10, 20 ko 25 a cikin murfi, wato tsawon lokacin da zinariyar za ta jure kafin tagulla ta leƙo. Duk gidan da aka rubuta wa shekarun garanti ba zinariya ce har ciki ba, ko da an buga 14K kusa da shi, domin wadda take zinariya har ciki ba ta bukatar alkawarin ba za ta koɗe ba. A zamaninsa kaya ne mai ƙarko na mai matsakaicin hali, kowa ya san abin da ya saya. Ha'inci na shigowa ne yau, idan aka sayar da shi a kuɗin zinariya. A duba wuya da zobe da gefen murfi, inda yatsu suka fi goga, nan tagulla ke fara bayyana.

Adon gida ya daɗe a hannun birnin Janeba, kuma akwai dalili. Da John Calvin ya kafa tsarinsa na addini a tsakiyar ƙarni na 16 aka taƙaita sa kayan ƙawa, maƙeran zinariya suka koma ga agogo, wanda ake ɗauka kayan amfani ne, 'yan gudun hijirar addini daga Faransa kuma suka zo da ilimin inji. A 1601 suka kafa ƙungiyar sana'arsu. Adon agogo ke nan tun asali aikin maƙeran fari ne.

Akwai bugu daga baya, wanda ake kira repoussé: a buga ƙarfe daga ciki har hoton mutane ko furanni ya taso a waje. Ya yi tashe a gidajen waje na Ingila a ƙarni na 18, kuma da yake inda ya fi tasowa nan ya fi siranta, a ɗaga shi ga haske a nemi ƙananan huda. Akwai zanen hannu da ɗan kaifin ƙarfe. Sannan akwai zanen inji, guilloché, wanda ake yi da wata na'ura da ake juyawa da hannu ɗaya ana danna wuƙar da ɗayan, ta fitar da layuka masu maimaita kansu: ƙwayar sha'ir, igiyar ruwa, saƙar kwando, hasken rana. Abraham-Louis Breguet, wanda aka haifa a Neuchâtel a 1747 ya yi sana'arsa a Faris har rasuwarsa a 1823, shi ya ɗaukaka shi a fuskar agogo tun shekarun 1780. Bayan kyau yana da amfani, yana ɓoye ƙarzuwa yana kuma kashe ƙyallin da ke hana ido karatu. Agogo masu araha an kwaikwayi zanen ne da bugun hatimi. A gilashin ƙara gani, yankakke ramukansa masu kaifi ne masu walƙiya, bugagge kuwa a dakushe suke. A tsakiyar murfin baya akan bar ɗan fili mai siffar garkuwa don haruffan sunan mai shi.

Mafi wahala shi ne tangaran, wato garin gilashi da ake gaurayawa da sinadarin launi, a shimfiɗa a kan ƙarfe, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800. Wani a haƙa ramuka a jikin ƙarfen a cika, shi ne champlevé. Wani a yi shinge da siririyar wayar zinariya a zuba launi tsakani, shi ne cloisonné. Wani kuma tangaran ne garai-garai da ake kwantarwa a kan zanen inji, layukan su riƙa motsi a ƙarƙashinsa idan an juya agogon. Na ƙarshe shi ne zana hoto sosai da burushi, fasahar da ake jinginawa ga Bafaranshe Jean Toutin wajen 1630. Ana komawa wuta sau da yawa kafin a gama, kuma kowane shiga na iya ƙona aikin makonni. Tangaran ba ya koɗewa, launin shekara 300 na nan kamar jiya, amma idan ya fashe ba ya komawa yadda yake, sai dai a cike da roba mai launi. Akwai kuma baƙin zane a kan azurfa, niello, gaurayen azurfa da jan ƙarfe da dalma da farar wuta da ake narkawa cikin ramin zane, wanda garin Tula na Rasha ya yi suna da shi har wasu ke kiransa da sunan garin.

Fuska ba ta da dogon bayani. Yawancinta farin tangaran ne a kan faifan jan ƙarfe, an gasa gaba da baya don kada ta lanƙwashe. Idan da'irar daƙiƙa ta nutse ƙasa da sauran, yanki ne daban aka yanka aka liƙa. Idan tsakiyar ma ta nutse, yanki uku ke nan, alamar agogo mai daraja. Siraran tsagu kamar gashi suna rage kuɗi, amma na fi son fuska ta asali mai tsagu a kan sabuwa sumul da ba tata ba. Lamba 4 ta Rumawa a rubuce IIII al'ada ce ta maƙera, ba kuskure ba. Hannaye masu 'yar da'ira a huje kusa da tsini na Breguet ne a salo, duk wanda ya ƙera su, launinsu shuɗi kuma na wuta ne, baƙin ƙarfe ake gasawa ya kai wajen digiri 290. Abu ɗaya na haɗari: fuskar da ke da busasshen fenti mai ruwan ƙasa a kan lambobi, daga shekarun 1910 zuwa gaba, wataƙila sinadarin radiyam ne. Ya daina haske da dare, amma sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinsa ke ƙarewa. Kada a kankare shi, kada a shaƙi ƙurarsa.

Idan aka ɗaga murfin ƙura an zo inda ƙarya ke da wuyar zama. Ƙarfin agogo na cikin babban sifirin, dogon siririn ƙarfe naɗaɗɗe cikin ɗan akwati zagayayye da ake kira ganga. Wana agogo naɗe shi ne. Yana warwarewa yana tura jerin fayafayai masu haƙora: na tsakiya mai zagaye sau ɗaya a awa, shi ke ɗauke da hannun minti, na uku, na huɗu mai zagaye sau ɗaya a minti, shi ke ɗauke da hannun daƙiƙa, sai na ƙarshe mai haƙora daban da na saura. Da za a bar su, nan da nan za su zazzage ƙarfin duka. Abin da ke hana su shi ne kama-saki, ɗan sashen da ke riƙe faifan ƙarshe yana sakinsa kaɗan-kaɗan bisa umurnin wilin lilo, wanda ke kai da komowa da siririn sifirin nan na Huygens. A yawancin agogon ƙarshen ƙarni na 19 da na 20 wilin na bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a daƙiƙa, sau 432,000 a yini.

Irin kama-sakin shi ke faɗin zuriyar agogo. Mafi tsufa shi ne na sanda, verge, wanda aka gada daga manyan agogon hasumiya. Faifansa a tsaye yake, shi ya sa agogonsa ke da kauri, kuma yana gudu ko jinkiri gwargwadon ƙarfin da ke tura shi. Wannan lahani ne ya wajabta wani sashe da duk mai son tsohon agogo ke ƙauna, fusee, ɗan ƙarfe mai faɗin gindi da tsinin kai, da tsagi na zagaye shi, sarƙa na haɗa shi da ganga. Sifirin da aka wana yanzu ƙarfinsa ya yi yawa, sai sarƙar ta ja daga siririn kai. Yana raunana tana saukowa zuwa faffaɗan gindi inda ja ya fi sauƙi, kamar yadda mai keke ke sauya giya idan ya zo hawan tudu. Da farko igiyar hanji ake sawa, daga baya sarƙar ƙarfe wadda sai da gilashi ake ganin gaɓoɓinta, kuma a garin Christchurch na kudancin Ingila mata da yara ne suka yi ta haɗa ta da hannu. A shekarun 1720 George Graham ya inganta kama-saki na bututu, wanda ya ba da damar agogo siriri. Wajen 1755 Thomas Mudge ya ƙirƙiro na cokali mai yatsu, wanda ke taɓa wilin lilo na ɗan ƙiftawa ya sake shi ya yi lilonsa, kuma shi ne har yau a kusan kowane agogon da ake wanawa. Wajen 1770 Lépine ya cire sarƙa, ya cire farantin sama da ke rufe inji, ya riƙe kowane wili da 'yar gada tasa. Faransa da Suwizalan suka bi shi. Ingila ta riƙe sarƙarta har kusan 1900, aikinta na da kyau amma ga tsada ga kauri, kasuwa kuwa ta tafi ta bar ta.

A tsohon injin Ingila abin da ke fara ɗaukar ido shi ne murfin wilin lilo, faffaɗan farantin tagulla da aka huhhuda aka zana ganyaye, wani lokaci da fuskar mutum ko ta dodo a gindinsa. Da ƙyar a sami biyu iri ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 19 an lalata agogo masu yawa don a cire waɗannan a yi wa mata sarƙar wuya da su, abin takaici ne ƙwarai. Ruwan zinariyar da ke jikinsu da zaiba aka yi shi, a gauraya, a shafa, a ƙona zaibar ta tashi, hayaƙin kuma ya cinye lafiyar masu aikin.

Sai duwatsu. Jajayen ɗigon da ake gani a inji yaƙutu ne da aka huda don tsinin wili ya juya a ciki, domin dutse mai santsi ba ya cinyewa kamar tagulla kuma yana riƙe mai. Nicolas Fatio de Duillier da 'yan gidan Debaufre suka yi rajistar dabarar a Landan a 1704. Tun bayan da Auguste Verneuil ya bayyana hanyar yin yaƙutu a masana'anta a 1902 kuɗinsu ya faɗi, saboda haka babu arzikin da ke ɓoye cikinsu. Lissafinsu ne abin sani. Dutse 7 na nufin wilin lilo da kama-saki kawai aka wadata. Dutse 15 an ƙara bibbiyu ga cokali da fayafayai uku, 17 an haɗa da faifan tsakiya, 21 da 23 kuma ƙarin duwatsun rufi ne da makamantansu. A murfin ƙura na agogon Suwizalan za ka ga an jera kirari da Faransanci: "Ancre" na cokali ne, "Cylindre" na bututu, "Rubis" yawan duwatsu, "Remontoir" ana wana shi da kai, "Spiral Breguet" kuma sifirin da aka ɗaga zagayensa na ƙarshe. Sau da yawa har da hotunan lambobin yabo na baje koli. A karanta, sannan a ɗaga murfin a ƙirga da ido, domin an yi agogo masu duwatsu a gefen da ake gani kawai.

Abin da ya fi yawan dutse muhimmanci shi ne saiti. Agogo na sauya gudu idan an kwantar da shi, ko an tsayar, ko an juya kansa gefe, yana kuma jinkiri da zafi. Maganin zafi shi ne wilin lilo mai ƙarfe biyu, baƙin ƙarfe ciki tagulla waje, an yanka bakinsa wuri biyu don ya lanƙwasa ciki idan zafi ya tashi, da ƙananan notuna kewaye na daidaita nauyi. Agogo mai araha kan zo da notunan amma babu yankan, ko an fara yankan ba a ƙarasa ba. Wannan magana ta zama ta rai da mutuwa a watan Afrilu na 1891, lokacin da jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Kipton ta jihar Ohio a Amurka mutum 8 suka mutu, aka ɗora laifin a kan agogon da ya tsaya na minti 4. Aka ba Webb C. Ball, mai kantin agogo a Cleveland, aikin sa ido a kan agogon ma'aikata, kuma daga irin wannan aiki ƙa'idar agogon layin dogo ta kafu: buɗaɗɗen gida, kai a kan 12, farar fuska da baƙaƙen lambobi manya, aƙalla dutse 17, saiti a yanayin zama 5, kuskure kada ya wuce daƙiƙa 30 a mako. Ba a kuma saita hannayensa da kai, sai an kwance bakin gilashi an jawo wani ɗan hannu, don kada lokaci ya goce cikin aljihu. Hoton jirgin ƙasa a murfi ba ya cikin ƙa'idar, kuma ya fi yawa a kan agogon da ba su cika ta ba.

Kamfanonin Amurka irin su Waltham da Elgin da Hamilton sun ƙawata injinsu da zanen igiyoyi da da'irori a kan farin ƙarfe, suka ba shi suna daga birnin Dimashƙa saboda kamanninsa da zanen takubban can. Suwizalan na da nata, layukan Janeba da ɗigon lu'ulu'u, da goge kusurwar kowace gada har ta yi ƙyalli. Wannan ne adon da na fi yarda da shi, domin mai gyara kaɗai aka san zai gan shi. Akwai kuma ƙarin ayyuka a manyan agogo, kamar mai bugun ƙararrawa da Daniel Quare da Edward Barlow suka yi takara a kansa a shekarun 1680, wanda idan an ja maɓallinsa cikin duhu zai buga awa da rubu'i, mafi ƙwarewa har da minti. Alamarsa ɗan maɓalli mai zamewa a gefen gida. Idan gurbin na nan amma injin ba shi da 'yar gudumar da ke buga ƙararrawar, an sauya inji.

Sauyin nan shi ne babban ciwon kasuwar yau. Duk lokacin da zinariya ta yi tsada akan narkar da gidaje, injuna su zama marayu, wani ya nema musu gidan da ya yi daidai, masu sana'ar kuma suna ce wa irin wannan haɗi aure. Hanyar ganewa ita ce a tara shaidun. Lambar da ke jikin inji, ba ta murfi ba, ita ke ba da shekarar agogon Amurka, domin jadawalin kamfanonin na nan. A gwada ta da shekarun gida. A agogon Ingila sau da yawa lambar inji ita ce a cikin murfi. A duba bakin gida ta ciki, inda notunan riƙe inji ke cizo: idan akwai tabon noti a wurin da wannan inji ba shi da noti, wani inji ya taɓa zama a nan.

Agogon da ya daɗe a ajiye kuma, kada a yi gaggawar wana shi don a ji ko yana tafiya. Mansa ya bushe ya haɗu da ƙura, balle a ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura ko'ina, kuma tafiya a haka cin tsinin fayafayai take yi. A kai shi a wanke a sa mai tukuna. Na makulli mai sarƙa irin na Ingila galibi hagu ake wana shi ta baya, a hankali, a tsaya da zarar ya ƙi gaba. Wanda ya matsa da ƙarfi zai iya tsinke sarƙar ko karya ƙugiyarta, masu iya gyara ta kuwa yau 'yan kaɗan ne.